Yarinyar da Ke Jikin Dutse

A layin nan kowa ya san ta da Mai Wanki, ko da yake ba ta taɓa wanke rigar kowa ba sai ta mijinta. Hoto take wankewa. Shagon ɗaki biyu ne: na gaba mai shuɗin labule da kujerar da ake zama a ɗauki hoton fasfo, na baya kuma nata, inda a da warin sinadari ke kama mata zani, yanzu kwamfuta da injin bugawa suka gaje wurin.

Mijinta, Mai Hoto, ba ya zama. Da zafi ya lafa sai ya loda kyamarori a bayan mota, ƙanensa ya ja su zuwa hamada. Ya dawo da tuddan rairayi, da taurari kamar an watsa gishiri a baƙin mayafi, da zanen da mutanen farko suka bari a jikin duwatsu. Shi ya ɗauko, ita ta fitar. Haka suka raba aikin, haka kuma suka raba zaman.

Tafiye-tafiyen sun soma ne a shekarar da zazzaɓi ya ɗauke 'yarsu, ita kaɗai Allah ya ba su. Ya tafi, ya dawo da fim ɗin kyamara guda, ya ajiye mata a kan tebur. Da hoton ya taso a cikin ruwan sinadari sai ta ga shanu masu dogayen ƙaho, da wata mace da aka zana da jar ƙasa a jikin dutse, riƙe da hannun yarinya ƙarama. Ta shanya shi a igiya.

Tun daga nan kowace tafiya sai ya biya ta wannan dutse. Yana da dabarar da ya koya wurin tsofaffin sana'ar: kafin ya danna, sai ya guntsi ruwa ya fesa wa zanen, launin ya taso jawur kamar jiya aka shafa shi.

Shekara na bin shekara, Mai Wanki ta ga yarinyar tana dusashewa. Ƙafafu suka fara tafiya, sai kafaɗa. Ruwan da ke taso da launin shi ke cinye shi. Ta ɗauki ɗan siririn burushi ta mayar wa yarinyar ƙafafunta a jikin takarda, ba ta gaya masa ba. Da kwamfuta ta zo, aikin ya ƙara sauƙi. Idanunsa kuwa sun soma hazo.

Tana gaya wa kanta tausayi ne. Amma in ta kulle shago ta zauna ita kaɗai, ta san sauran zancen. Ranar da yarinyar ta ƙare a dutsen, mutumin nan zai dawo gida ya zauna, su biyu a tsakar gida, da rufaffiyar ƙofar ɗakin 'yarsu tana kallonsu. Kewarsa ta fi mata sauƙi a kan wannan zama.

Wata safiya ya leƙo ɗakin baya yana lalubar bango.

"Mai Wanki, bana da ke za a tafi."

"Ni? Wa zai tsare shagon, Malam?"

"Shagon ba ƙafa gare shi ba. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage mini, in kashe shi inda nake so."

A mota ƙanen mijin ya waiwayo. "Matar yaya, riƙe cikinki da kyau. Hanyar nan ta sha juya hanjin maza."

"Ji da tuƙinka, gwauro. Wanda bai iya riƙe mace ba shi zai koya mini riƙo?"

Suka yi dariya. Duk tsawon hanyar abu ɗaya take juyawa: in mijinta ya tambaye ta ko ta ga yarinyar, me za ta ce?

Da la'asar suka isa. Dutsen ya yi rumfa, ƙarƙashinsa sanyi. Shanun suna nan. Macen tana nan, hannunta a miƙe ƙasa, ba ta riƙe da kowa. Inda yarinyar take sai wani ɗan dabbare kamar inda shayi ya zube. Ƙanen ya ce bari ya duba taya, ya sulale.

Mai Hoto ya kafa kyamara, ya kai gorar ruwa baki. Ta kama masa hannu.

"Malam, bari. Ba ta nan. Ta daɗe ba ta nan. Ni nake mayar da ita."

Ya sauke gorar a hankali.

"Na sani. Tun idona na garau ƙafafun suka tafi."

"Ka sani, kuma kana fesawa?"

"In na fesa, inuwarta takan ɗan fito. Sai in kawo miki ki ƙarasa." Ya shafa marfin gorar. "Ba ki lura ba ko? Duk shekara kina ƙara mata tsawo. A hoton bara ta kamo kafaɗar uwar. Shi nake zuwa nema, Mai Wanki. A hannunki kaɗai take girma."

Ta zauna a kan yashi. Ba ta taɓa jera hotunan ta gwada ba, kuma ta san ba ƙarya yake yi ba.

Ya miƙa mata gorar ta sha. Sannan ya ce ta saita masa kyamarar, tunda shi ba ya gani sosai. Ya danna a kan busasshen dutse.

"Wannan kada ki taɓa shi," in ji shi.

Ba ta taɓa ba. Yana nan rataye a ɗakin baya: mace da hannu a miƙe. Mai Hoto kuma yana tsakar gida a kan tabarma, fuskarsa na duban ƙofar ɗakin 'yarsu. Da yamma takan kulle shago da wuri, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da shi. Har yanzu ba su buɗe ɗakin ba.