'Yar Zakanyar da Kawu Ya Ƙi Faɗin Sunanta

Kawuna Kisioki, ƙanen babata, ba mata, ba ɗa, shanun ma 'yan tsiraru. Zakuna gare shi. Ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa.

Da yana saurayi har ya taɓa soke zaki da mashi, 'yan mata suka yi masa waƙa. Yanzu kuwa bin sawunsu ne aikinsa, wasu masu kula da namun daji suka ɗauke shi. Gari na wayewa zai zura takalmin taya, ya yafa jan mayafinsa, ya shige daji, ya dawo ya gaya wa makiyaya inda ba za su kai shanu ba. Ba mai gode masa. Amma ranar da zaki ya kama maraƙi, kowa ya san hanyar ɗakinsa. Sa'o'insa ma sun daina kiransa cin nama.

In ya zo wucewa sai su ce, "Mijin zakanya! Yaya iyali?"

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau. Sun fi naku jin magana."

Ni ke kai masa nono a gora, don in ba a kai ba haka zai wuni.

Gida ɗaya na zakuna yake bi, tun daga kan kakarsu. Shi ya raɗa wa kowacce suna, ya san wa ta haifi wa. Amma ce masa ya jero maka su, ka sha takaici. Mu Masai ba ma kiran sunan mamaci, shi kuma ya kwashi abin nan ya ɗora wa zakuna. Sai ka ji, "Wadda ta tafi shekarar fari ita ta haifi wadda ta tafi a bakin rafi." Guba ta ci wasu, mashi ya ci wasu. Suna ɗaya ya rage da bakinsa zai iya kira: Naisula. Ita ma ta tsufa.

Bara Naisula ta haihu. Kuraye suka kwashe mazan, aka bar mace ɗaya. In ta rayu gidan ya ɗore, in ba ta rayu ba ya ƙare ke nan.

Na ce, "Kawu, me sunanta?"

"Ba ta da shi."

"Kai da ba mai wutsiyar da ba ka raɗa wa suna ba?"

"Ke Resiato, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Ke kanki sai da kika yi ƙwari aka aske miki kai aka ba ki sunan gaskiya. Bari ta ga damina tukuna."

"Tsoro kake ji kawai."

Ya ce, "E."

Ban zaci zai amsa ba.

Ana nan sai ga wasu baƙin zakuna maza biyu daga bayan tsauni, suka fatattaki uban 'yar. Sabon namiji kuwa ba ya barin ɗan wani, kashewa yake. Naisula ta ja 'yarta ta shige cikin duwatsu, inda ƙafa ba ta barin sawu. Kawu ya yi ta zaga wurin har ya rame, wuyansa ya koma kamar na jimina. In na kai nono sai dai in rataye goran in dawo.

Bayan ruwa ya sauka, ran nan da tsakar rana na tarar da shi zaune a bakin ɗaki, lokacin da bai taɓa zama gida ba.

Ya ce, "Ta dawo."

"Da 'yar?"

"Naisula na kwance tsakanin baƙin nan biyu. Nononta ya ƙafe."

Na gane 'yar ta tafi. Ni da bakina da ba ya jiran shawara, sai na ce, "To ai gara da ba ka sa mata suna ba. Ka huta."

Ya sunkuyar da kai.

"Na sa mata. Tun ranar da na fara ganinta. Ban dai gaya wa kowa ba."

"Me ka sa mata?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"Ke 'yar nan, ba a koya miki komai ba a gidanku?"

Na ajiye goran na juya. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan, ba kuma wanda zai ji. Da na kai shingen ƙaya na waiwaya, yana nan zaune shi kaɗai, yana ɗaure igiyar takalminsa.