Mahauci Ya Je Neman Aure Mayahi

Kona zuwa Tasawa

Da asuba muka bar Kona, ni da maƙwabcina Barmo. Ni mahauci ne, shi kuwa jikan sarauta, ko da yake rumbunsa wayam, dokinsa ma dawata yake ci. Ɗana Idi ne ya ga Hajo, ɗiyar Sarkin Noma Nomau na Mayahi, ita ma ta ce sai shi. Na ɗauki Barmo don ya yi mini baki, domin maganar mahauci ba ta wuce bakin zaure.

Da azahar muka isa ƙofar Tasawa. Mai tsaron ƙofa ya durƙusa wa Barmo, ni kuwa ya kwance kayan jakina.

"Kilishin nan na wa?"

"Na mai doki ne," in ji ni.

Nan take ya ɗaure mini kayan da hannunsa. Muka kwana gidan wani majemi, aka ba mu tuwon gero da miyar kuka.

Tasawa zuwa Mayahi

Hanya duk rairayi, jaki na nitsewa. Muka sha nono a wata ruga, muka kwana can. Washegari da la'asar sai ga mu zauren Nomau. Aka shimfiɗa wa Barmo buzu, ni aka bar ni wajen takalma.

Barmo ya tsara magana har ni kaina na ji sha'awar Idi. Nomau ya shafa gemu.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ajiye kowa inda ya dace da shi. Mu ba mu haɗa iri da masu fawa."

Sai wata tsohuwa ta ɗaga asabari, ashe uwar Nomau ce.

"Nomau, ni ɗiyar wa ce? Ubana fawa ya yi har ya mutu. Da ubanka ya bi wannan magana, da yanzu wa ke zaune kan buzun nan?"

"Inna, gaban baƙi?"

"Gabansu. Kai mahauci, matso ciki, ɗan uwana."

Barmo ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya kwance. Nomau shi ma ya dara, ya ce a ɗaura aure bayan girbi.

Komawa gida

Mun iso Kona da hantsi. Idi na tsaye bakin rijiya yana jiranmu. Na ce masa ya fara neman gero, gidan Nomau akwai baki da yawa. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Barmo, tsohuwar nan kuwa na aika mata da cinyar rago.