Kwana Biyar a Nijar, Yayar Mahaifiyata a Ƙarshen Layi

Shekarun baya, lokacin da mutum zai tashi daga Faskari da sassafe ya bi ta Ƙanƙara bai tsaya tambayar ko hanya lafiya ba, na yi wani abu da har yau in na tuna shi sai in ji abinci ya fita raina. Ba sata na yi ba, ba kuma zagin wani na yi ba. Tsari na yi. Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na zauna da biro da takarda na tsara tafiya, kuma tsarin nan shi ya kwance mani zani a gaban mutane.

Mahaifiyata mutuniyar Nijar ce. Aure ya kawo ta Daudawa, nan ƙasar Faskari, ta zauna ta haife mu, har harshenta ya juye ya koma namu. 'Yan'uwanta uku suka rage a can: ƙanwarta a Damagaram, ƙaninta a Maraɗi, sai babbar yayarsu a wani ƙauye bayan Madawa. Wannan yayar, da suke ciki ɗaya, ita ta goya ta, don uwarsu ta rasu mahaifiyata tana rarrafe. Ƙannen biyu uba kawai suka haɗa da su. Sun fi shekara ashirin ba su sa juna a ido ba, sai saƙo a bakin matafiya, daga baya waya in an samu sabis.

A shekarar da nike faɗi masara ta yi mani kyau, na ɗan samu abin hannu, kaina ya kumbura. Na ce zan kai iyalina ƙasar waje. Haka nike faɗa a majalisa, ƙasar waje, kamar jirgi za mu hau. Wani abokina na Ƙanƙara ya ara mani motarshi, amma da sharaɗi.

"Kwana biyar," ya ce, yana nuna mani yatsun hannunshi. "Rana ta shida za a kai kayan ɗakin ɗiyata garin Sabuwa. In ka ƙara ko wuni guda, ba ni zan zo maka ba, uwar amarya ce za ta zo, kuma ka san ta."

Na dawo gida na buɗe taswirar waya, na yi ta ja da yatsa har na fito da abin da na ɗauka basira ce. Mu fita ta Katsina da Daura mu shiga Damagaram, kwana biyu. Mu yi yamma zuwa Maraɗi, kwana ɗaya. Mu wuce ƙauyen yayar, kwana ɗaya. Sannan mu fito ta Ƙonni, Sakkwato, Gusau, mu faɗo gida ta Yankara. Zobe ke nan, ba inda za mu taka sau biyu. Na rubuta a takarda har da ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a tsaya salla. Na kai majalisa aka yi ta cewa ai ni injiniya ne aka yi asara.

Na iske mahaifiyata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, matata tana taya ta. Na karanta masu. Ta saurara har na gama.

"Ina Yaya a ciki?"

"Ga ta nan, Inna. Rana ta huɗu."

"Ta huɗu," ta maimaita. Ta ajiye gyaɗar. "Ai ita ake fara gaidawa. In an fito daga gidanta sannan a je ma yara."

Yaran nan da take faɗi, ƙaramarsu ta aurar da jikoki.

Na ce, "Inna, mota ba ta san babba da ƙarami ba, mai kawai ta sani. Hanya ce ta zo da haka."

Sai matata ta sa baki, a hankali. "Maigida, to a juya mana. A fara ta Sakkwato a fito ta Daura. Ba tsawon ɗaya ba ne?"

Tsawon ɗaya ne. A take na san haka, ba sai na duba waya ba. Amma mace ce ta gano, kuma a gaban uwata, kuma na riga na nuna takarda a majalisa. Sai na daka mata tsawa na ce ita da ko Funtuwa ba ta iya zuwa ita kaɗai, me ta sani game da hanyar ƙasa da ƙasa. Na ƙirƙiro dalilai, wai Juma'a nike so ta same mu a Damagaram, wai jandarmomin wancan gefen sun fi sauƙi da safe. Mahaifiyata ta ɗauki gyaɗarta ta ci gaba.

Muka tafi. In faɗi gaskiya, ni na ji daɗin kwanakin farko. Na ci kilishi, na yi hotuna a bakin tsofaffin gine-gine ina riƙe da ƙugu, na tura ma 'yan majalisa. Mahaifiyata kuwa tana kujerar baya da wani ƙunshi a cinyarta, atamfa ce da goro da zuma da ta tanadar ma yayarta. Na ce a sa a but ɗin mota ta ƙi. Haka ta riƙe shi tun daga ƙofar gida.

A Damagaram, bayan an gama koke-koken murna, ƙanwarta ta tambaya, "Ya kuka baro Yaya?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta dubi ƙunshin.

"Ba ku je ba tukuna?" Ta dafe baki da hannu, ta dubi mahaifiyata, ta dube ni. Ba ta sake tada maganar ba, amma na lura kwana biyun nan tana yi mana hidima ne kamar mai riƙe da kayan sata.

A Maraɗi kawuna bai yi wannan kawaicin ba. Ya ja ni waje bayan la'asar.

"Kai, wa ya jera maku tafiyar nan?"

"Ni ne, Kawu," na ce, har da ɗan murmushi. Ina jiran yabo.

Ya girgiza kai. "Tun ranar da kuka tsallako iyaka aka buga ma Yaya waya cewa ƙanwarta ta shigo ƙasa. Ta sa aka yanka akuya. Ta sa aka share ɗaki, ta zauna bakin ƙofa har magariba. Washegari aka raba ma maƙwabta naman kar ya lalace. Yanzu duk ƙauyen sun san ƙanwar da ta goya ta wuce gidan masu lantarki tukuna." Ya gyara hularshi. "Allah ya kyauta. Ni ba zan raka ku ba."

Ko a lokacin, abin da na ce a raina shi ne tsofaffi da son girma.

Rana ta huɗu muka bar kwalta muka shiga yashi, muka ɓata sau biyu, taswirar wayata ta yi fari fat. Sai gab da la'asar muka isa. Wata 'yar tsohuwa ce zaune a kan turmi a kife a ƙofar ɗaki, ƙanƙanuwa, idanunta sun yi fari ba ta gani sosai. Mata sun cika gidan, an ji ƙarar mota. Mahaifiyata ta fita tun ban gama tsayawa ba, takalmi ɗaya ya faɗi, ba ta waiga ba. Ta je ta durƙusa gabanta tana cewa, "Yaya. Yaya, ni ce."

Tsohuwar ba ta miƙa hannu ba.

"Sannunku da zuwa, baƙi," ta ce. "A shimhiɗa ma baƙi tabarma, a kawo masu ruwa. Hajiya, kun sha hanya."

Mahaifiyata ba ta taɓa zuwa Makka ba. Kowa a gidan ya san haka.

"Ina mutanen Damagaram? Ina mutanen Maraɗi? Duk kun iske su lahiya? Madalla. To mu ma ga mu nan, ba mu mutu ba tukuna." Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin ƙanwarta. "Abu guda zan tambaya. Wa ya ce a bar ni ƙarshe?"

Ina tsaye bayan mahaifiyata, makullin mota a hannuna. Matata tana gefe, ta zuba mani ido. Amsar kalma biyu ce. Na buɗe baki, na ga matan nan sun kai ashirin duk suna kallo, na rufe.

"Ni ce, Yaya," in ji mahaifiyata. "Ni na ce a fara da can. Na yi wauta. Ki yafe mani."

Tana durƙushe cikin yashi, mace mai shekara sittin da wani abu, tana ɗaukar laifina a kanta. Ni kuma, ƙato mai gemu, mai 'ya'ya biyar, na tsaya ina kallon awaki.

Tsohuwar ta ce, "To." Shi ke nan. Aka karɓi ƙunshin aka shiga da shi ɗaki ba a kwance ba. Aka ba mu tuwon gero muka ci, ni dai na haɗiya ne.

Da gari ya waye na loda kaya, na dumama mota, don takardata ta ce ƙarfe bakwai. Na leƙa na ce Inna ta fito. Ta fito, amma ba mayafi.

"Ku tafi. Ka maida ma mutane motarsu."

"Inna, ai a tsarin..."

"Naka ya ƙare," ta ce. "Ni yanzu na zo."

Haka na rufe zobena, kujerar baya da gurbi. Daga Ƙonni har Gusau matata taga kawai take kallo, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Na kai mota Ƙanƙara a kan lokaci, abokina ya rungume ni ya ce tunda yake ba da aron mota ba a taɓa dawo mashi da ita ranar da aka ce ba. Sannan ya leƙa ciki ya ce, "Ina Inna?" Na ce ta tsaya hutawa.

Sati bakwai ta yi. Da na koma ɗauko ta, a motar haya na je, kai tsaye, ban tsaya gaida kowa a hanya ba. Na iske su biyu a tabarma ɗaya suna gardama a kan wadda ta fasa wata tukunya shekara hamsin da suka wuce. Tsohuwar sanye da atamfar, tana kiran mahaifiyata da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Matan gidan suka ce sai da mahaifiyata ta yi kwana tara tana share mata ɗaki da ɗebo mata ruwan alwala kafin tsohuwar ta daina ce mata Hajiya.

Da za mu tafi, mahaifiyata ta shiga haɗa kaya, tsohuwar ta ce in matso. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ƙarfin riƙon ya ba ni mamaki.

"Ɗana, uwarka ba ta iya ƙarya ba. Ni na goye ta. In za ta yi, muryarta sirancewa take yi, tun tana ƙarama. Ran nan ba ita nike saurare ba, kai nike jira. Na ji makulli yana ƙara a hannunka. Bakinka ne ban ji ba."

Na durƙusa na ce, "Inna Babba, ki yafe mani."

"Na yahe tuni, don ita. Tashi, kar ta hito ta gan ka haka, ta san na sani."

Mahaifiyata ta rasu ba ta san an yi wannan maganar ba. Yayar ta riga ta da shekara biyu. Hanyar ma yanzu ba ta biyuwa yadda muka bi ta.

Ku da kuke karanta wannan, kar wani ya zo yana ce mani ai kuskure ne, kowa yana yi. Jera garuruwa a baibai kuskure ne, na yarda, jahilci ne da girman kai, kuma ina da su duka biyun. Amma ba shi ke ci na ba. Abin da ke ci na shi ne an yi tambaya, na san amsa, na bar tsohuwa ta amsa a gwiwa. Har yau a Faskari in ana lissafa masu kula da iyaye, sai wani ya nuna ni ya ce wannan har ƙasar waje ya kai uwarshi ziyara. Nakan ce Allah ya karɓa, in tashi in bar wurin.