Mazaunin Randar Kaka

A gidanmu na Ikara, ruwan da ya fi kowanne sanyi yana cikin randar Kaka, wadda ta zo da ita daga Paki tun tana amarya. Randar na tsatsafo da ruwa a hankali, shi ya sa duk mazaunin katakon da aka yi mata sai ya ruɓe. Wata damina ƙafa ɗaya ta karye, randar ta kife, bakinta ya ɓantare. Kaka ta ce in ta sake faɗuwa, shi ke nan.

Babana kafinta ne. Ya ɗauko ƙafafun wani karyayyen teburin gwanjo da ya saya a Kaduna, ya ce itacen ƙasar Turawa ne, wanda ake kira farin ok. Da ya goge shi sai na ga wasu zane-zane suna sheƙi a jikinsa kamar sawun ruwa a kan yashi. Na daɗe ina shafa shi, ina tunanin irin dajin da ya tsiro.

Kaka kuwa ta taɓe baki. A wajenta katakon kirki ja ne, irin maɗaci ko ƙirya.

"Kai ɗan nan, a kan wannan farin abin za ka ɗora randata? Ba ni shi in hura wuta."

"Inna, ki tsaya ki gani tukuna."

Ya yanko guntun katako mai arha, ya tsoma bakinsa ɗaya a kwanon ruwa, ya busa ɗayan. Kumfa ta taso. Sai ya miƙa mata guntun farin.

"Bismilla, Inna."

Kaka ta busa har kumatunta suka cika, idanunta suka yi ja. Ruwan ko motsi. Ni dariya ta kayar da ni a kan tabarma.

"Ja'ira, zo ki gwada, tunda kin fi ni huhu!"

Na gwada, na kasa. Baba ya ce inda iska ba ta wuce ba, ruwa ba zai shiga da sauƙi ba. Da ya zo haɗa mazaunin, ƙusa ma lanƙwashewa ta riƙa yi, sai da turakun itace ya haɗa shi.

Kaka da kanta ta kama randar muka ɗora. Bara da na je hutu daga makaranta, na tarar mazaunin ya yi duhu, amma ko girgiza ba ya yi. Na ɗebi ruwa ina sha, Kaka ta ƙwanƙwasa shi da sandarta.

"Kin gani? Zama da mu ya sa ya fara yin ja."