Dakalin Baba Mala

Baba Mala ba attajiri ba ne, ba malami ba. Mai tufkar igiya ne a wani ƙauye na Ungogo, kakanninsa daga Barno suka zo. Abin da ya mallaka a duniya shi ne dakalin ƙasa a ƙofar gidansa, daidai inda hanyar gona ta haɗu da ta masallaci. Nan yake wuni yana tufkar rama. Mai tafiya gona ya gaishe shi, mai dawowa ya tsaya a taɓa hira. Shi ya san wanda akuyarsa ta ɓata, shi ya san wanda ya kwana da zazzaɓi. Bakinsa kuwa, wallahi ba ya hutawa.

Sai gari ya cinye gonakin, aka yanka filaye. Ɗansa Abdulkabir ya samu kuɗi a harkar fili, ya rushe gidan ƙasa, ya zuba bulo, ya ja katangar da ko dogon mutum ba ya iya leƙawa. Dakalin kuma aka fasa shi, wai mota ba ta samun wurin juyawa.

"Baba, ga fanka, ga talabijin. Me ya rage?"

"Mutane," in ji tsohon.

Washegari ya ja tabarma zuwa bakin get. Abdulkabir ya dawo ya same shi a ƙasa, ransa ya ɓaci. "So kake a ce na wulaƙanta ubana?" Ya sa maigadi ya riƙa kulle ƙofa. Kai, wannan rashin imani da me ya yi kama!

Masu zuwa gaisuwa suka ga get da makulli, suka ji nauyin bugawa, a hankali suka daina. Baba Mala yakan jiyo takun mutane a bayan katanga, ya amsa sallamar da ba wanda ya yi masa. Daga baya ya bar hakan ma. Da ya fara ramewa aka kai shi asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Gari kuwa sai sa wa Abdulkabir albarka ake yi, yaron da ya hutar da ubansa.

Kafin kaka Allah ya yi masa rasuwa. Don zaman makoki, Abdulkabir ya sa aka kawar da mota, aka shimfiɗa tabarmi a waje, daidai inda dakalin yake a da. Duk wanda ya zo wucewa sai da ya tsaya ya yi gaisuwa.