Rawanin Kawu a Ƙyauren Garaji

Ga wani mai mota nan ƙofar gidansa a Ƙonni, cikin shadda mai ƙyalli, yana kaɗa makullin mota. Ƙofar bayan motar da kanta take ɗagawa, ƙyauren garajin kuwa gajere ne, in ta tashi sai ta doke shi. Wani tsoho na tsaye gefe, ina jin daga ƙauye ya zo gaisuwa.

"Kawu, ara mini rawaninka," in ji mai motar.

Ya naɗe bakin ƙyauren da shi, ya danna makulli, ƙofa ta tashi ta daki rawani. Sai shafa fenti yake yana murmushi, mara kunya kawai. Wataƙila ma tsohon nan ne ya rene shi. Mutane na wucewa, tsohon na kallon ƙasa, ya rufe furfurarsa da tafin hannu.