Ƙuri'ar da ta Ajiye Illa Gaban Surukarsa

Abubuwan aiki da yawa sun zube mini daga kai tun da na ajiye shi, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka raba rumfunan sabuwar kasuwa da ƙuri'a ba. Ku da kuka shigo aikin meri, wato ofishin magajin gari, yanzu kun tarar da kasuwar a bayan gari, layuka a miƙe, kuna zaton haka aka saukar da ita daga sama. To ku gyara zama ku ji.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sarbis ɗin kasuwa. Don wanda bai san tsarin ba, a sama akwai magajin gari, shi ne mai yanka ƙyalle da almakashi ranar buki. Ƙarƙashinsa sakatare janar, mai ajiye hatimi. Sai shef na sarbis, wato shugaban sashe, namu sunansa Abdu. Sai mu a can ƙasa, waɗanda ake kira plasiye, wato masu nuna wa kowane ɗan kasuwa inda zai zauna, masu shan rana da zagi. In abu ya yi kyau na magajin gari ne, in ya ɓaci plasiye ne bai fahimci umarni ba.

Tsohuwar kasuwarmu a tsakiyar gari take, tsakanin masallacin Juma'a da tasha. A unguwar aka haife ni, don haka in na yabe ta kada ku ce ban san aibinta ba. Da damina sai ka naɗe wando ka shiga, ka fito ka bar mata takalmi ɗaya sadaka. Ƙudan kwata kuwa sun fi mu sanin hanyoyinta. Amma ku zo da hantsi ranar da take ci. Ga buhunan albasa daga wajen Galmi, ga amalanken jakai na mutanen Bazaga sun sauke wake, ga 'yan Badagishiri da tumatir da kabeji in rani ya yi, ga Buzaye da cuku, ga masu canjin naira da sefa a kan benci suna gyangyaɗi da ido ɗaya a buɗe. A tsakiya akwai wata tsohuwar tsamiya. In akuyarka ta ɓata, ko abokinka ya daina gaishe ka ba ka san dalili ba, je ka gindinta ka sayi fura, kafin ka kai ludayi na uku an ba ka labari. Wallahi ina kewar wurin nan, har da warinsa.

Babu injiniyan da ya zana ta. Kowa dai ya san wurinsa, ya kuma san wurin da bai kamata ya zauna ba.

Mai furar gindin tsamiyar ita ce Inna Tsahara. Tun tana yarinya take wurin tare da uwarta, har ta gaje shi. Nesa kaɗan da ita akwai Illa mai balangu. Naman Illa ba laifi, amma jarinsa na gaskiya maƙogwaronsa ne. In ya ƙwala kira ana jin sa har tasha. Ya tsokani direba, ya yi wa tsohuwa kirarin amarya, ya yanki tsoka ya jefa baki a gabanka yana lumshe ido, sai ka ga hannunka ya shiga aljihu ba ka aike shi ba. Da Illa ya auri Rabi, 'yar Inna Tsahara, kasuwar da ta biyo baya sai aka ga ya kwashe kayansa ya koma can bakin tasha, ya sa kasuwa duka a tsakaninsu. Babu wanda ya umarce shi, babu wanda ya tambaye shi dalili. Kun dai san al'ada, ko da yake na ga 'yan yanzu har hoto suke ɗauka da surukai. A wurinmu mutum ba ya cin abinci gaban uwar matarsa, ba ya ɗaga murya, ba ya wasa. In ya hango ta ya tuɓe takalmi ya durƙusa, in da hali ma ya sake hanya.

Aka gina sabuwar kasuwa da siminti da kwano, aka turo katafila ta baje tsohuwar. Manyan 'yan kasuwa suka fara sintiri gidajen manya da dare da rana, kowa yana son rumfar bakin ƙofa. Sai kwansai, wato majalisar gari, ta yanke cewa ƙuri'a za a yi, kowace sana'a da layinta. Aka ƙara da doka: ba a sayar da rumfa, ba a musanya ta har shekara ta zagayo, wanda kuma ya bar tasa ya rasa ta. Gaskiya dokar ba ta da laifi. Ita ce ta hana masu ƙiba haɗiye marasa ƙiba.

Ranar ƙuri'a bayan girbi ce. Aka kafa rumfar tanti, aka yi jawabai har rana ta take, kowane mai jawabi yana gode wa wanda ya gabace shi. Da aka zo layin masu abinci, ni na riƙe ƙwaryar da aka zuba takardun lambobi. Masu masa suka ɗauka, masu ƙosai suka ɗauka, Inna Tsahara ta sa hannu ta ɗauka, can zuwa ƙarshe Illa ya ɗauki tasa. Na karanta lambar da ƙarfi, kamar yadda aka umarce ni, sannan na duba zane. Rumfarsa tana kallon tata ido cikin ido, tsakaninsu 'yar hanyar da amalanke ba ya wucewa sai ya goga. 'Yan gari suka dubi juna, wasu suka sa gefen mayafi a baki. Baƙin da suka zo daga nesa kuwa suka tafa, don sun ga an yi adalci.

Kasuwar farko Illa ya zo da sassafe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya koma ya hura wuta. Shi ke nan. Nama yana gasuwa, mai nama yana tsaye kamar an ba shi gadin gawa. Wani direba ya tsaya ya dube shi.

"Illa, lahiya? Rasuwa anka yi?"

"Lahiya lau," in ji Illa a hankali, yana duban ƙasa. "Na nawa za a ba ka?"

Direban ya ce zai dawo. Ya wuce wurin wani baƙo ɗan Tajaye da ke ƙarshen layi, wanda namansa sai ka yi alwashi kafin ka tauna, amma Allah ya ba shi baki. Yinin nan Illa ko ruwa bai kai baki ba.

Bayan kasuwa ta ci sau uku ya same ni a buro, wato ofishinmu, hula a hannu.

"Malam Isuhu, ka taimake ni. Ni da baki nike saida nama, ba da wuƙa ba. An aje ni gaban Inna, in ce mi?"

"Ka ce nama ya gasu," na ce masa.

"Da wace murya?"

Na kai maganar wurin Shef Abdu. Kada ku zaci baƙo ne da bai san garin ba. Ɗan gari ne, shi da kansa kullum sai ya zagaya da mashin ta bayan lakwal, makarantar boko, don kada ya bi ta ƙofar gidan surukansa. Ya saurare ni, ya yi dariya har ya share ido, sannan ya ɗaure fuska irin ta aiki.

"Na gane, Isuhu, wallahi na gane. Amma in na canza mishi yau, gobe duk Alhazan da sunka samu layin baya su taho min da surukai. Kowa na da suruka garin ga, wasu har huɗu. Sai dai a kai ma kwansai."

Aka kai wa kwansai. Da suka zauna, aka sa maganar a ƙarƙashin sauran batutuwa, can ƙarshen jerin aiki. Kafin a iso wurin an kawo abinci, bayan abinci kuma kujeru sun yi yawa, mutane sun yi kaɗan. Aka ɗaga sai zama na gaba, shi kuwa zama na gaba sai wata uku.

Illa ya nemi dabara. Ya samo zana ya kafa a gaban rumfarsa ta gefen da ke kallon Inna, ya bar ɗan wurin miƙa nama. Abin ya ɗan yi sauƙi, har ya fara tauna tsoka a ɓoye. Sai ga sanarwa cewa waɗanda suka taimaka da ginin za su zo ɗaukar hoto, a cire duk wani abu na kara da ciyawa, kada a ce ba mu waye ba. Wa kuke zaton aka aika ya cire zanar? Ni ne, da hulata ta aiki. Baƙin suka zo, suka ɗauki hoton layin atamfa, ba su ko leƙa layin abinci ba. Amma umarnin ya zauna daram, don ba a rubuta ranar janye shi ba.

Ita ma Inna Tsahara ta yi nata ƙoƙari. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango, tana damu tana miƙa ƙwarya ta kafaɗa. Sai dai kunne ba ya juya baya, kuma Illa ya san haka. Nama ya riƙa kwana. Ya rage abin da yake gasawa, ya sake ragewa, har aka fara jin cewa zai rufe rumfa ya tsallaka Najeriya neman aikin ƙarfi, ya bar Rabi da yara huɗu a gida.

Wata la'asar kasuwa tana watsewa Inna Tsahara ta yafito ni.

"Kai ɗan meri, taho nan."

Na durƙusa. Ta miƙo mini fura, ta jira na sha.

"Dokakku ta ce mi in mutum ya bar rumfatai?"

"Ya rasa ta, Inna. Ba a maida mishi."

"To ƙahwahuna sun gaji. Kasuwag ga ta yi min nisa."

Na dubi ƙafafun. Matar da kullum take zuwa rugar Fulani da ƙafa ta ɗauko nono kafin mu mu tashi daga barci.

"Inna, ki ƙara haƙuri. Kwansai za ta zamna."

"Su zamna, ɗana, zama aikinsu na. Yaran gidan can ba su cin zama." Ba ta kama sunansa ba, ba ta ko dubi wajen rumfarsa ba. "Kowa yat tambaye ka, ka ce ƙahwa ta."

Kasuwar da ta biyo baya rumfarta wayam. Illa ya zo, ya tuɓe takalmi kamar kullum, sai ya ga babu wanda zai gaisar. Ya daɗe a tsaye. Wajen hantsi muryar ta fito, da farko a shaƙe, daga baya ta buɗe har masu albasa suka waiwayo. Kafin azahar direbobi sun yi layi. Da yamma ya tare ni a ƙofa.

"Malam Isuhu, mi yah hana Inna zuwa?"

"Ƙahwa," na ce.

Ya dube ni har na ji nauyi. "Ƙahwa," ya maimaita, ya juya ya tafi. Ya sani sarai. Kuma ba shi da hanyar zuwa ya gode mata, don godiyar ma magana ce da kunya ba ta bari a yi.

Aka ba wata mai ɗanwake rumfar, bisa ƙa'ida. Inna Tsahara ta koma zauren gidanta tana damu, maƙwabta ke saye. Ko tsohon wurinta ba ta da halin komawa, don an sare tsamiyar za a yi dandali, dandalin da har yau 'yan kabu-kabu ne ke wanke mashina a cikinsa.

Da wata ukun suka cika kwansai ta zauna, ta yi muhawara, ta amince da gagarumin rinjaye cewa Illa da Tsahara suna iya musanya rumfa da duk wanda ya yarda. Shef Abdu ya miƙo mini takardar da hatimi ja a kanta ya ce in kai mata. Bai yi dariya ba wannan karon. Na same ta a zaure ita kaɗai, na karanta mata, na fassara.

"Madalla," ta ce. "A gaishe min da su, sun sha aiki." Ta ture takardar gefe ta matso. "Bar wagga. Ba ni labarin kasuwa. Wa yad dawo daga ci-rani? Albasa ta hwaɗi? Mai masa ta shirya da ƙanwatta?"

Na ba ta duk abin da na sani, tana gyaɗa kai, tana gyara mini inda na yi kuskure, ita da ba ta je ba. Da na tashi tafiya sai ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya.

"Shina kira?"

"Shina kira, Inna. Har bakin titi ana ji nai."

"To," ta ce, ta ci gaba da damu. Ba ta sake taka kasuwa ba har Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa ma na iya ba ku labarin yau.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu ana iya bin doka daidai, ba a ci haƙƙin kowa a takarda ba, kuma a tashi da wanda aka kora. Sau da yawa wanda ya biya kuɗin adalcinmu ba ya zuwa buro ya yi ƙara, sai dai ya ce ƙafa ce. Don haka kafin ku ɗaga ƙwaryar ƙuri'a, ku fita ku tambayi wa ke auren 'yar wa. Illa ya yi shekaru yana kirana in zo in ɗanɗana duk lokacin da na bi ta layin abinci. Ina karɓa, don ba a ƙin kyautar mahauci, amma sai na fita daga layin nake iya ci.